Dillancin intanet: nawa sabon shiga zai samu, kuma sai yaushe?

Tambaya: Yaya, barka da warhaka. Ni mazaunin Mabera ne a nan Sakkwato. Na gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na dawo daga hidimar ƙasa wata huɗu ke nan, aiki shiru. Na tara naira 60,000 daga alawus. Kullum ina ganin abokai suna ɗora hoton alat a sitatus, suna cewa daga afiliyet ne. Wani ma ya ce in biya kuɗin kwas a wurinsa, cikin wata biyu zan riƙa samun dubu 300 a wata da wayata kawai. Don Allah gaskiya ne? In na shiga nawa zan sa rai, kuma sai yaushe?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Sana'ar gaskiya ce, shekarata tara a cikinta, kuma da ita nake cefane. Amma maganar dubu 300 cikin wata biyu, ka cire ta daga ranka tun yanzu. A cikin yaran da suka zauna gabana suka koya, ban ga wanda ya mayar da kuɗin datarsa a wata ukun farko ba, sai wanda dama yana da jama'a masu sauraronsa kafin ya fara. Mai naci yakan fara ganin ɗan abin sawa a aljihu tsakanin wata na huɗu da na shida. Abin da za a kira albashi kuwa, shekara ce ko fiye, kuma mafi yawan waɗanda kuka fara tare ba za su kai can ba, za su watsar tun da wuri.

Kalmar afiliyet ɗin nan ita ce ta fara ruɗa ku. Dillanci ne, ba wani abu ba. Ka je Kara ana saura kwana uku babbar salla ka tsaya gefe ka yi kallo. Mai rago ya taso daga Gwadabawa ko Tangaza, bai san kowa a birni ba. Mai saye ya fito daga ofis, ko haƙorin rago bai iya dubawa ba. Dillali na tsakiya da igiya a hannu, rago ba nasa ba, kuɗi ba nasa ba. In mai rago ya ce ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. In aka yi ta "albarka" har magariba, ya sha rana a banza. To ka lura da wani abu. Dillalai sun fi a ƙirga a wurin, amma akwai 'yan kaɗan da ake buga wa waya tun daga gida a ce "zaɓar mini biyu masu kyau, ga yaro nan tafe da kuɗi". Wannan ya yi shekara ashirin yana tsayuwa a kasuwar, bai taɓa tura wa mutum rago mai tari ba. Shi ke cin la'adar kirki. Yaron da ya shigo bara sai dai ya ja igiya a ba shi na fura. A intanet kai ne yaron nan da ya shigo bara, kuma wayar hannunka ba za ta tsallake maka shekarun ba, sai dai ta rage su.

Yadda abin ke tafiya shi ne, kamfani ya ba ka linki mai ɗauke da lambarka. Duk wanda ya latsa shi, sai a ajiye wata 'yar shaida a wayarsa, wadda ake kira kuki, mai nuna cewa kai ka kawo shi. In ya saya kafin wa'adin shaidar ya ƙare, a rubuta maka la'ada. Amazon, babban kantin intanet na Amurka, na cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari, tun 1996, kuma sharuɗɗansu za su nuna maka yadda abin yake da tsauri. Wa'adin shaidarsu awa 24 ne kacal. Sabon shiga dole ya kawo ciniki uku cikin kwana 180, in ba haka ba a rufe masa asusu. La'adar da ka samu a wannan watan kuma sai bayan kimanin kwana 60 da ƙarewar watan za ta zo hannunka. A watan Afrilun 2020 suka wayi gari suka zaftare la'adar kayayyaki da dama: kayan ɗaki daga kashi 8 cikin ɗari zuwa 3, kayan masarufi daga 5 zuwa 1. Mutanen da suka shekara goma suna wannan aiki a Amurka, abincinsu ya ragu da fiye da rabi cikin mako guda, ba wanda ya nemi shawararsu. Na kawo maka wannan ne don ka san dillali ba ya yanka wa kansa la'ada a wannan kasuwa. Ni dai ban ba ka shawarar fara da Amazon ba. Mutanen da ke jin maganarka a Mabera ba can suke sayayya ba, ga kuma wahalar karɓo kuɗin. Shekaru da dama PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, ya yarda ɗan Najeriya ya biya amma bai yarda ya karɓa ba, shi ya sa 'yan sana'ar nan suka koma wa irin su Payoneer.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi, don nan ne mai sayar da kwas ba ya son a tsaya. Mu ɗauka kana da lambobi 400 a waya. Sitatus na WhatsApp ba ya zuwa sai ga wanda ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Ka duba da kanka mutum nawa ke kallon naka. A ce 120. A cikinsu akwai su Inna, da abokan aji da ba su da aiki kamarka, da wanda yatsa ne kawai ya wuce da shi. In ka yi sa'a mutum goma su latsa linki. A cikin goman nan in ɗaya ya saya, ka yi babban kamu. A ce kayan na naira 20,000 ne, la'ada kashi 5 cikin ɗari. Ka samu naira 1,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Kafin ka kamo shi sai ka yi irin wannan ciniki sau 70 a wata, wato fiye da biyu kowace rana, har Juma'a. Kuma mutum 120 ɗin nan su ne dai gobe, su ne jibi. Wanda ya sayi fanka yau ba zai sake saye gobe ba. Sati biyu kana cika musu ido da talla, sai ka ga masu kallo sun koma 70, don sauran sun rufe sitatus ɗinka ba tare da sun gaya maka ba.

To sauya kayan. A ce littafi ne na waya ko darasin bidiyo, na naira 10,000, la'ada rabi da rabi. Irin wannan kaya ba a ƙera shi sau biyu, ba a ɗora shi a mota, shi ya sa mai shi zai iya ba ka rabi bai yi asara ba. Ciniki 14 ya kai ka dubu 70. Ka ga dalilin da ya sa kowa ya raja'a kan sayar da kwas. A dandamali irin su Selar akwai masu koyar da abin kirki, ɗinki, girki, lissafin kasuwanci, gyaran waya, kuma tallata irin wannan ba laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne kwas ɗin da ba ya koyar da komai sai yadda za ka sayar da shi kansa kwas ɗin. Ka biya dubu 40, a koya maka ɗora hoton alat, ka jawo wani ya biya dubu 40, a ba ka rabi, shi ma a koya masa ɗora hoton alat. Babu fanka, babu takalmi, babu wata sana'a da ta shiga hannun kowa. Kuɗin na baya ne ke biyan na gaba. Abokin nan naka da ya yi maka tayi, ina kyautata zaton ba mugu ba ne, shi ma kuɗinsa yake son fanshewa, kuma kai ne hanyar.

Ga tambayar da za ka yi masa, ka kuma nace sai ya amsa: ban da masu son shiga harkar, wa ke sayen abin nan? Ya nuna maka mutum ɗaya da ya saya don amfanin kansa, ba don ya sayar ba. In ya fara kewaye-kewaye, ko ya ce saura gurbi uku kuma daren yau za a rufe, ka mayar da kuɗinka aljihu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mun ga MMM, da alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016. Mun ga CBEX, da alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufe a Afrilun 2025. Waɗannan ba afiliyet ba ne, amma da igiya ɗaya aka ja mutane: kawo wani a ba ka kaso. Kuma ka sani, dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan tsari da masu tallata shi. "Ni linki kawai na tura" ba hujjar da za ka so tsayawa a kanta gaban alƙali ba ce.

Hoton alat ɗin ma, ko na gaskiya ne, rabin labari ne. Yana nuna abin da ya shigo, ba ya nuna abin da ya fita. Na taɓa yin watan da dubu 210 suka shigo mini, na kashe dubu 185 a kan talla, ban da data. Da na ɗora hoton da an ce na haye. Balle kuma yaro ɗan sakandare zai iya haɗa maka hoton alat na miliyan cikin minti biyar.

Bari in ba ka labarin da ya sauya mini tafiya, don ya shafi garinmu. Shekarata ta biyu ce, cikin Afrilu, zafin nan da ke haura digiri 40, wanda waya ke ɗaukar zafi har ta ƙi caji. Ina tallan wata fanka mai caji ta wani kantin intanet. Na je gaida kawuna a Runjin Sambo, na same shi a zaure yana fifita da kwali. Na zauna na nuna masa hoto, na yi bayanin batir, awa nawa take yi, yadda ake haɗa ta da sola. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido, ya ce, "Wagga fanka nawa ta?" Na faɗa. Ya ce, "To ina shagon nasu yake?" Na ce babu shago, Kawu, daga Legas za a aiko, ka biya yanzu ta iso cikin sati. Ya miƙo mini wayar. "In ta ɓaci, wa za ni kamawa?" Washegari ya hau kabu-kabu ya tafi kasuwa, ya sa aka kunna masa irinta, ya sa hannu ya ji iska, ya yi ciniki aka rage masa ɗari biyar, ya dawo da abarsa. Da yamma ya kira ni ya ce, "Allah shi yi ma albarka, fankar nan ta yi." Ni na yi bayani, mai shago ya ci riba, ni na tashi da albarka. Ban raina ba, amma ba ta sayen data.

Kawu bai yi kuskure ba. Tsakaninmu da Legas kusan kilomita 1,000 ne. Kantunan intanet na Jumia da Konga tun 2012 suke, amma har yau mai saye a Sakkwato ya fi son ya gani, ya taɓa, ya taya, ya kuma san ƙofar da zai koma in abu ya lalace. Ko wanda ya yarda ya yi oda, sau da yawa sai ya zaɓi biya in kaya sun iso, ranar da suka iso kuma ya ce ya fasa, la'adarka ta bi ruwa. Duk darussan da za ka gani a YouTube an yi su ne don mutanen da suka saba sa katin banki su sayi abin da ba su taɓa ba. Namu mutanen kafin su biya sai sun kira ka sun ji muryarka, wani ma sai ya tambayi ɗan gidan wa ne kai.

Sati guda bayan nan na je wurin mai shagon da Kawu ya yi sayayya. Na ce, Alhaji, in na turo maka mai saye nawa za ka ba ni? Ya yi dariya, ya ce ai wannan tun kakanni ake yi. Muka yanke abin da zan samu a kan kowace fanka. Na ɗauki bidiyon kayan a shagonsa, da muryata, da Hausa, na kunna ta mutane suka ga tana juyawa. A watan nan na samu abin da ban samu ba a wata shida na tura linki. Don haka in ka tambaye ni inda kuɗin sabon shiga ya fi kusa, zan ce maka a bakin shagunan garin nan yake. Akwai masu aikin fata a Madunka da ke ɗinka takalmi da jaka da fatar jar akuyar nan tamu da ta yi suna har Turai, amma da yawansu ba su da mai ɗaukar kayansu hoto mai kyau. Akwai masu kilishi, masu turaren wuta da humra, matan aure masu sayar da atamfa da zannuwan gado daga cikin gida, masu kayan sola, masu albasa a lokacin kakarta. Mai saye yana Abuja, yana Kaduna, yana Fatakwal, Bahaushe ne mai kewar kayan gida, kuma abin da ya rasa shi ne wanda zai amince wa ya tura kuɗi.

Wannan hanyar ma tana da ƙayarta, kada ka ce ban gaya maka ba. Babu kuki, babu na'urar da ke rubuta wa ya kawo wa. Dole ka kira mai shago kafin mai saye ya isa, ko ka raka shi. Ku yi yarjejeniya a rubuce, ko da a saƙon WhatsApp ne: nawa a kan kowane kaya, yaushe za a biya, in an dawo da kaya yaya za a yi. Sannan ka sani mai sayen da ka kai yau, karo na biyu kai tsaye zai tafi, ba zai bi ta kanka ba. Wani ɗan kasuwa ya taɓa yi mini haka da wata mai sarin takalma da na sha wahala kafin ta yarda. Oda ta farko ya ba ni hakkina, sauran biyar ban ji labari ba sai daga bakin yaron shagonsa. Na ji zafi, amma laifina ne da ban yi maganar tun farko ba. Yanzu nakan ce la'adata tana kan duk abin da wanda na kawo ya saya cikin wata shida. Wani ya yarda, wani ya ƙi, wanda ya ƙi in nemi wani. Kuma a farkon tafiya kada kuɗin mai saye ya kwana a asusunka. Ya biya mai kaya kai tsaye. Ranar da kaya suka ɓace a tasha za ka gode mini.

Batun kashe kuɗi ba shi da tsawo. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, bidiyo kuma shi ya fi komai shan data. Ga caji, ga kuɗin kabu-kabu zuwa shaguna. Tallan biya na Facebook da Instagram akwai harajin VAT na kashi 7.5 a kansa tun farkon 2022. Kada ka taɓa tallan biya sai ka sayar da abu aƙalla sau goma ba tare da shi ba. Talla tana ƙara wa abin da ke tafiya gudu ne. In kayan ba sa shiga, ko bayaninka bai gamsar ba, kuɗinka kawai za ta cinye cikin kwana uku.

Abin da kake da shi wanda ɗan Legas ba shi da shi, Hausa ce. Kada ka raina wannan. Masu bayanin kaya da Turanci sun yi yawa har suna tattaka juna, amma mutumin da ke son a gaya masa da harshensa wane batirin sola ne ke jure zafinmu, ko wace waya ce ta dubu 90 ba za ta ba shi kunya ba, sau da yawa ba ya samun mai gaya masa tsakani da Allah. Kuma muryarka ba ta tsayawa a Illela, ana jin ta a Birnin Ƙonni da Tawa da Maraɗi. Sai dai ka zaɓi abu ɗaya. Mai tallan waya da safe, maganin basir da rana, fili da dare, ba wanda ke ɗaukarsa masani a kan komai. Ka zaɓi abin da ko ba a biya ka ba za ka iya awa guda kana surutu a kansa, ka riƙa koyar da mutane kyauta, har da faɗin aibin kayan. Bidiyon da ya fi kawo mini masu saye shi ne wanda na ce kada a sayi wata fitila don batirinta ba ya wata uku. Ban samu ko kwabo a kansa ba, amma daga ranar in na ce abu na da kyau ana yarda.

Kada kuma ka lissafa da kuɗin da YouTube ke biya a shekarar farko. Kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko makamancin haka a gajerun bidiyo, sannan ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100. Ka riƙa tuna cewa duk waɗannan dandamali aron su aka ba ka. An rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 har Janairun 2022, masu kasuwanci a can suka zauna wata bakwai suna kame-kame. WhatsApp na rufe lambar da ke tura wa baƙi saƙo barkatai, kuma jerin aika saƙo ga jama'a ba ya ɗaukar fiye da mutum 256. Duk wanda ya taɓa saye ta hannunka, rubuta sunansa da lambarsa da abin da ya saya a littafi na takarda. Nawa littafin yana nan, bangonsa ya yage, ya ga wayoyi huɗu sun mutu.

Akwai jarrabawar da za ta same ka wajen wata na uku, lokacin da aljihu ya bushe. Za ka lura cewa la'ada mafi tsoka tana wurin kayan da bai kamata ka taɓa ba: kamfanonin caca, manhajojin bashi da ruwa, masu cewa a kawo kuɗi su juya a kasuwar canji, da magungunan ƙarin ƙarfi da na mata da na rage ƙiba waɗanda ba su da lambar NAFDAC. Suna biya da yawa ne don sun san abin da suke karɓa daga hannun wanda ka kai musu. Shi dillanci malamai sun halatta shi, matuƙar kayan halal ne, la'adar sananniya ce, ba a kuma ɓoye aibi ba. Hadisin nan da ke cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu ya shafi mai linki kamar yadda ya shafi mai mudu. Akwai kuma bambanci tsakanin ka haɗa mai saye da mai kaya, da ka karɓi kuɗin abin da ba ka mallaka ba a matsayin kai ne mai shi. Wannan ka zauna da malaminku ya warware maka kafin ka shiga. Ni nakan faɗa a fili cewa in an saya ta hannuna ina da kaso. Ban taɓa ganin wanda ya fasa saye don wannan ba. Ta fuskar hukuma ma, tun dokar 2022 hukumar ARCON ke sa ido kan tallace-tallace har na kafofin sada zumunta. Amma kafin hukuma ta neme ka, Sakkwato za ta neme ka. Garin nan kowa ya san gidan kowa. Ka tallata maganin da ya kwantar da matar wani, ba a waya za a yi maganar ba, a zauren mahaifinka za a yi ta.

Dubu 60 ɗinka, ga yadda zan yi da su in ni ne. Dubu 40 su zauna a banki kamar babu su. Sauran 20 su ne data da zirga-zirgar wata biyu zuwa uku. Kwas kuwa ka dakata da shi; abin da sabon shiga ke bukata yana nan kyauta, kuma sai ka yi wata uku kana aiki za ka san takamaiman abin da ka rasa, ko ɗaukar hoto ne, ko rubuta talla, ko tace bidiyo. A lokacin in ka biya, ka san abin da kake saye. Neman aiki kuma kada ka daina, ko koyarwa ce a makarantar kuɗi, ko zaman shagon POS. Awa biyu zuwa uku a rana sun ishi wannan harka a farko, kuma mai yunwa ba ya iya dillanci, don a muryarsa ake jin yana roƙo, mai saye kuma ya ja da baya.

A wata ukun farko kada ka auna kanka da naira. Ka auna da mutum nawa ne da ba ka sani ba suka turo maka tambaya. In a wata na farko biyu ne, a na uku suka zama goma sha biyar, kana kan hanya ko da ciniki uku kawai ka yi. In wata shida suka cika kana aiki kullum, ba baƙon da ke tambaya, ba ciniki sai na 'yan uwa masu jin kunyarka, to ka sauya kaya ko ka sauya salo. In ka sauya, wasu wata shidan suka wuce haka, ka ajiye, ba abin kunya ba ne. Ɗaukar hoto da tace bidiyo da iya magana da mai saye da ka koya, akwai 'yan kasuwa da makarantu da ke biyan mai yi musu su duk wata, kuma biyu daga cikin yarana da suka bar dillanci da wannan suke ci yanzu.

Gobe da safe ka shiga kasuwa, ka zaɓi shago uku masu sayar da abin da ka fi sani, ka gaida masu su ka tambaye su nawa za su ba ka in ka kawo mai saye. Ɗaya zai kore ka, ɗaya zai ce ka dawo jibi. Wanda ya ce ka zauna, ka roƙe shi ya bar ka ka ɗauki bidiyon kaya biyu, a bakin ƙofa inda haske yake, ka goge gilashin kyamarar da gefen rigarka kafin ka fara.